Yadda mitar sa ido ke kare injinan masana'antu daga ƙonewa a Gombe

A wuraren casar shinkafa da matsar man gyaɗa da niƙan hatsi na birnin Gombe, moton lantarki shi ne ƙashin bayan aiki. Idan ya ƙone, aiki ya tsaya ke nan har sai an kai shi wurin masu naɗin waya. Ma'aikata su rasa kuɗin yini, masu kaya kuma su nemi wani wuri.

Galibi ba ɗaukewar wuta ce ke kashe moto ba, lalatacciyar wuta ce. Kamfanin JED, mai rarraba lantarki a jihohin Gombe, Bauchi, Filato da Binuwai, yana samun wutar ne ta layukan kamfanin TCN. A watan Afrilun 2024, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, yankin arewa maso gabas ya daɗe cikin duhu, masu masana'antu da dama suka koma kan janareta. Irin wannan sauyi tsakanin wutar kamfani da janareta na daga cikin lokutan da moto ya fi shiga haɗari.

Abin da ke ƙona moto

Manyan injina suna aiki da layi uku, kimanin bolt 400 tsakanin kowane layi biyu. Idan fiyus ɗaya ya tsinke a taransifoma, moton da ke juyawa ba zai tsaya ba; zai ci gaba da jan wuta fiye da kima ta layi biyun da suka rage har naɗinsa ya gasu. Ko da layukan suna nan duka, bambancin kashi 1 cikin 100 a ƙarfinsu na iya haifar da bambancin kashi 6 zuwa 10 a yawan wutar da moton ke ja. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rayuwar rufin wayar moto da rabi, ga kuma zafin bazara a Gombe.

Mitar da ake magana a kai ba ta biyan kuɗin wuta ba ce. Ƙaramar na'ura ce da ake dasawa a ƙofar akwatin sarrafa inji, tana auna kowane layi, ta kuma katse wuta idan an wuce iyaka.

Yadda ake haɗa ta

Da farko ana kashe babban makunni, a kulle shi, a gwada a tabbatar babu wuta. Daga nan sai a zura kowane layi cikin zoben awo da masu sana'ar ke kira CT. Moto mai kilowat 30 yana jan kimanin amfiya 55, don haka zobe mai lamba 75/5 ko 100/5 ya dace da shi. Fuskar da aka rubuta P1 tana kallon inda wuta ke fitowa, P2 kuma tana kallon moto. Wayoyin S1 da S2 su ne ke tafiya zuwa mitar, kuma akan haɗa S2 da wayar ƙasa.

Wayoyin auna bolt suna bi ta ƙananan fiyus, kuma wajibi ne kowacce ta dace da zoben layinta. Idan aka musanya su ko aka juya zobe, mitar za ta nuna lissafin ƙarya. Bayan haka sai a haɗa makunnin cikin mitar da kwayil ɗin kontakta, domin ta iya tsayar da moton da kanta.

Akwai gargaɗi guda da ba a wasa da shi: ba a cire wayar CT alhali wuta na bi ta cikinsa. Yin haka na tayar da bolt mai yawa da ka iya halaka mutum, shi ya sa ake fara haɗe S1 da S2 kafin a taɓa su.

Saiti da gwaji

Ana shigar da lambar zoben a cikin mitar, sannan a saita iyakar amfiya bisa abin da ke rubuce a jikin moton. Da yake moto na jan wuta ninki shida zuwa bakwai yayin tashi, ana ba shi jinkirin 'yan daƙiƙoƙi don kada mitar ta riƙa katse shi ba dalili. A ƙarshe, a gwada a ga ko za ta tsayar da shi idan layi ɗaya ya ɓace ko jerin layukan ya juya.

Mitar ba ta maye gurbin fiyus da na'urar kariya daga nauyin aiki; ƙari ce a kansu. Hukumar NEMSA ce ke tantance masu aikin haɗa lantarki a Nijeriya, saboda haka ya kamata mai masana'anta ya nemi ganin shaidar hukumar kafin ya miƙa wa kowa akwatin injinsa. Kuɗin mita da zobba uku bai kai asarar naɗin babban moto da kwanakin zaman banza ba.