Hotunan da Aka Ɗauko Daga Cikin Gida

A ƙarshen shekarar 2015, ana tsakiyar hunturu, wani abokina da muka yi makaranta tare ya tashi yin aure a cikin birnin Kano. Lefe da gyaran ɗaki sun riga sun tatse shi, sai ya same ni a gida bayan isha'i ya ce, "Malam, kai ne mai hoton bikin nan fa. Ba ni da kuɗin 'yan situdiyo." Ni kuwa malamin makaranta ne, hoto sha'awa ce kawai. Abin da na mallaka Nikon D3100 ce ta hannu, da gilashin 18-55 da take zuwa da shi, kuma yawancin abin da na taɓa ɗauka da ita dawakin hawan sallah ne da marinar Ƙofar Mata. Na amsa masa, don irin wannan roƙon ba a juya masa baya.

Ɗaurin aure bai ba ni wahala sosai ba, ko da yake yana da nasa tarkon. Kyamara takan auna hasken da ke gabanta ta mai da shi matsakaici, saboda haka in fararen shaddoji suka cika mata ido sai ta rage haske, riga ta fito toka-toka, fuska ta dushe. Na ƙara mata haske da mataki ɗaya, hazo kuma ya taimaka ya sassauta rana. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, aka faɗi sadaki, aka shafa fatiha, kafin ka ce kwabo an fara rabon goro da alawa. Sauran aikin duk jeri ne: abokan ango, abokan aiki, dattawan unguwa, kowa ya gyara hula ya miƙe ƙyam.

Da yammar ranar kai amarya na nufi gidansu da kyamara a wuya. A soro na ci karo da gwaggon amarya, dattijuwa mai carbi a hannu. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ina zuwa?" Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, amma ko angon ne ya zo, nan zai tsaya." Gaskiyarta. A ciki akwai matan aure da suka ajiye mayafansu suna hidima tun safe, ba su kuma zo don baƙon namiji ya kalle su ta gilashi ba.

Ina tsaye a ƙofar gida sai ga ƙanwar amarya ta dawo daga aike, yarinya 'yar kamar shekara goma sha huɗu. Ashe ta ji abin da aka yi. Ta ce, "Yaya, ka ba ni in ɗauko maka mana." Na daɗe ina tara kuɗin kyamarar nan, amma na cire ta na rataya mata. Na ɗaga ISO zuwa 3200 saboda duhun ɗaki, na buɗe gilashin iyakar buɗewarsa, na kashe filasha don kada walƙiyarta ta dami mutane. Na ce ta manne gwiwar hannunta a jiki, ta danna maɓallin rabi har ta ji ƙara, sannan ta ƙarasa, kuma kada ta fuskanci fitila kai tsaye. Iyakar karatun da na yi mata ke nan. Ta shige, na zauna a dakali. Bayan magariba aka ɗauke wuta, na ce a raina aikin ya tashi.

Sai da motoci suka tafi da amarya ta fito ta miƙo mini. Na buɗe hotuna biyu ko uku na farko, na ga mata ba lulluɓi, nan take na kashe. Wannan amanar gidan mutane ce. Bayan an watse daga biki na ba yarinyar kyamarar ta kai wa yayarta, ta zaɓi waɗanda za a wanke, ta goge waɗanda ba ta so wani ya gani. Daga nan, abin da ta zaɓa shi kaɗai na gani.

Da yawa sun yi dishi-dishi, wasu an yanke kai, wasu hannu ya girgiza. Amma babu mutum ɗaya a cikinsu da ya tsaya wa kyamara. 'Yar gida ce ke riƙe da ita, an saba ganinta tana kai da kawowa, ba wanda ya gyara zama dominta. Akwai kakar amarya tana tsokanarta da dariya, hayaƙin turaren wuta yana tashi daga kasko a gefenta. Akwai ƙawaye sun haɗa kai suna haska jaka da fitilar waya.

Guda ɗaya ne ya sa na ajiye sauran. Amarya ce durƙushe gaban mahaifiyarta, ta yi sallama za a fita da ita, an lulluɓe ta har ƙasa. Ita ce 'yar fari, kuma uwar irin matan da ne masu tsananin alkunya: ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, yawancin rainonta ma a ɗakin kaka aka yi shi. A hoton uwar ta kau da kai tana duban bango, fuskarta a ɗaure kamar abin bai shafe ta ba. Amma hannunta na dama, da jan lalle har wuyan hannu, ya damƙe yatsun 'yar da ƙarfi, har jijiyoyin bayansa sun tashi. Fitila mai caji da aka ajiye a kan akwati ita ta haska wurin, kuma hannayen nan biyu su ne suka fi komai fita tangaram a hoton.

Abokina ya ba ni labarin abin da matarsa ta ce da ta gani. A daren ta ji an riƙe ta, amma kanta na ƙasa, idonta cike da hawaye, ta ɗauka gwaggo ce. Sai a hoto ta gane lallen da zoben na mahaifiyarta ne. Ya ce ranar ta kasa cin abinci. Ta sa aka wanke shi babba, amma ba ta rataye shi a falo ba, don kada uwar ta zo ta gani ta ji kunya. Har yau ba a nuna mata ba.

Yarinyar kuwa ta riƙa zuwa aron kyamarar duk hutun makaranta, da sunan bikin ƙawar yayarta ko sunan jaririn maƙwabta. Da ta gama sakandare iyayenta suka yarda ta koyi aikin sosai. Yanzu kamu da sa lalle da walimar mata take ɗauka, da kyamarar da ta saya da kuɗinta, kuma yawancin masu kiranta gidaje ne da ba su taɓa barin mai hoto ya wuce soro ba. Sharaɗinta da kowace amarya ɗaya ne: ita za ta fara ganin hotunan ta zaɓa, kafin ango.