TSEREN MOTOCI NA RALI: YADDA AKE KAFA TARIHI A CIKINSA

Yawancin ɗalibanmu sun san labarin ƙwallon ƙafa ciki da bai, sun san wanda ya fi cin ƙwallaye da ƙasar da ta fi ɗaukar kofi. Amma akwai wani wasa na duniya da ba kasafai muke jin labarinsa ba, ko da yake ya taɓa zuwa har birnin Kano. Wannan wasa shi ne tseren motoci da ake kira rali. A wannan shafi za mu bayyana yadda ake yinsa, da mutanen da suka kafa tarihi a cikinsa, da kuma abin da alƙalumansa suke nuna mana, mu da muke zaune a bakin hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa.

Yadda Ake Yin Tseren

Rali ya bambanta da tseren da motoci ke zagaya fili guda. A rali ana bin hanyoyi ne irin namu, wato kwalta da burji da laka da hawan dutse, a ƙasashen sanyi kuma har da dusar ƙanƙara. Motocin ba sa tashi tare. Ana sakin su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar 'yan mintoci. Ana raba tafiyar zango-zango, kuma a kowane zango na gasa ana rufe hanya, a hana sauran motoci bi, a auna lokacin kowace mota da agogo. Tsakanin zango da zango kuwa, dole direba ya bi dokar hanya kamar kowa. Bayan kwana uku ko huɗu sai a tara lokutan duka, wanda lokacinsa ya fi ƙanƙanta shi ne ya ci.

Kowace mota tana da mutum biyu: direba da jagora. Kafin ranar tsere sukan bi hanyar a hankali, jagora yana rubuta kowace kwana da gangara da gada da rami a littafinsa. Ranar tsere sai ya riƙa karanta wa direba abin da ke gaba tun kafin ido ya gan shi. Idan ya tsallake layi ɗaya, mota na iya faɗawa kwazazzabo.

An fara Gasar Rali ta Duniya a 1973, tsakanin kamfanonin ƙera motoci. A 1979 aka soma ba direbobi nasu kambun, kuma wanda ya fara cinsa shi ne Björn Waldegård na ƙasar Suwidin.

Ranar da Tseren Ya Iso Kano

A watan Mayu na 1974, domin murnar gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus ta Yamma, an shirya wani dogon rali na musamman wanda ba ya cikin jerin gasar shekara-shekara. Motoci da dama suka tashi daga Landan. Aka tsara su tsallaka zuwa Afirka ta Arewa, su keta hamadar Sahara ta Tamanrasset a Aljeriya, su ratsa Nijar, su iso Kano, sa'an nan su juya arewa har birnin Munik. Ƙasa ce wadda ayarin raƙuma suka daɗe suna ratsawa da haƙuri da sanin rijiyoyi.

Sai aka sami matsala. Bayan an rubuta bayanin hanya, an ƙara tsawon wata hanya a Aljeriya, saboda haka abin da ke cikin takarda bai dace da abin da ke ƙasa ba. Yawancin motocin suka ɓata a cikin hamada. Har Stirling Moss, shahararren direban Ingila, a nan tafiyarsa ta tsaya. Motoci 19 kaɗai suka isa Munik, kuma a cikinsu 5 ne kawai suka bi dukan hanyar ba tare da yanke ba. Wasu mutum uku daga Ostireliya, Ken Tubman da André Welinski da Jim Reddiex, su suka zo na ɗaya a mota ƙirar Citroën, kuma sun ba na biyu ratar da ta wuce kwana guda cur.

Motocin da suka zo na biyu da na uku da na huɗu duka Peugeot 504 ne, wato Fijo ɗin nan da muka sani a tashoshinmu, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Mata biyu 'yan Faransa, Christine Dacremont da Yveline Vanoni, su ne suka zo na biyu. Ba gudu ne ya ba Fijo wannan matsayi ba. Juriya ce.

Manyan Gwanaye da Alƙalumansu

Sébastien Loeb na Faransa ya ci kambun duniya sau 9 a jere, daga 2004 zuwa 2012, abin da ba wanda ya taɓa yi a jere haka. Ya ci rali 80 a gasar duniya. A cikinsu 79 ya ci su ne tare da jagora guda, Daniel Elena. Na 80 ɗin ya ci shi a Monte Carlo a 2022 yana da shekara 47, ya zama mafi yawan shekaru da ya taɓa cin rali a gasar. Jagorarsa a wannan karo, Isabelle Galmiche, malamar lissafi ce a makaranta. Masu gudun ajin lissafi sai su lura.

Wani Bafaranshen, Sébastien Ogier, ya ci kambun sau 6 a jere daga 2013 zuwa 2018, ya sake ci a 2020 da 2021, kuma a 2025 ya ci na 9, ya kamo Loeb a yawan kambu. Kafin zamanin waɗannan biyu, mutanen Finlan ne ke riƙe da tuta. Juha Kankkunen ya ci sau 4 tsakanin 1986 da 1993, Tommi Mäkinen kuma ya ci sau 4 a jere daga 1996 zuwa 1999. A 2022 wani saurayi daga ƙasar tasu, Kalle Rovanperä, ya zama zakaran duniya yana da shekara 22 da kwana 1, mafi ƙarancin shekaru a tarihin gasar.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Michèle Mouton ta Faransa ta ci ralin Sanremo a Italiya a 1981. Ta ci rali 4 gaba ɗaya, kuma a 1982 ta zo ta biyu a duniya.

A nahiyarmu, ralin Safari na Afirka ta Gabas, wanda aka fara a 1953, shi ne ya fi suna wajen wahala. A da tsawonsa yakan kai wajen kilomita 5,000, wato kamar tafiya daga Kano zuwa Legas sau biyar. A 1963, da kuma 1968, motoci 7 kacal suka kai ƙarshe. Shekhar Mehta na Kenya ya ci Safari sau 5: a 1973, sa'an nan daga 1979 zuwa 1982 a jere. A ralin Bandama na ƙasar Kwaddibuwa kuwa, a 1972, ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba.

Wani lokaci kuma rata takan yi ƙanƙanta ƙwarai. A ralin Jodan na 2011, Ogier ya kayar da Jari-Matti Latvala da kashi 2 cikin 10 na daƙiƙa. Ɗalibai su gwada lissafin: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a daƙiƙa ɗaya, ke nan ratar ba ta kai mita 6 ba, bayan tseren ɗaruruwan kilomita.

Abin da Alƙaluman Ke Nunawa

Idan muka duba da kyau, za mu ga ba a rubuta sunan mutum a littafin tarihi don ya fi kowa gudu a zango ɗaya. Ana rubuta wanda ya kai mota gida lafiya, yau da gobe, shekara da shekaru. A 1998 Carlos Sainz na Sifen yana gab da cin kambun duniya, sai injin motarsa ya mutu a ralin Birtaniya, saura ƙasa da kilomita ɗaya ya gama zangon ƙarshe. Kambun ya koma hannun Mäkinen. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Haka kuma masu wannan wasa sun koyi da hawaye cewa gudu yana da iyaka. A farkon shekarun 1980 an ƙyale kamfanoni su ƙera motoci masu ƙarfin gaske. A 1986 wata mota ta kutsa cikin 'yan kallo a Fotugal, mutum 3 suka mutu. A ranar 2 ga Mayu na wannan shekara kuma Henri Toivonen da jagoransa Sergio Cresto suka ƙone a motarsu a tsibirin Kosika. Daga ƙarshen shekarar aka hana irin waɗannan motoci shiga gasar.

To, a nan ne zancen ya shafe mu. Direban rali yana gudu ne a hanyar da aka rufe masa. Motarsa tana da ƙarafan kariya a ciki, yana sanye da hular kwano da rigar da ba ta saurin kama wuta, an ɗaure shi da bel a kujera, makanikai suna duba birki da taya kowace rana, likita da motar asibiti kuma suna jira. Hanyarmu ba haka take ba. A kanta akwai garken shanu, da amalanke ɗauke da masara, da manyan motoci masu lodin hatsi, da masu babur, da yara masu tsallakawa ranar kasuwa. Saurayin da ya taka mota ko babur a tsakanin Bebeji da Ƙiru don a ce masa gwani, ba tarihi yake kafawa ba, ran mutane yake wasa da shi. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 saboda yawan rayukan da ke salwanta a hanyoyinmu, amma jami'anta ba za su iya tsayawa a kowace kwana ba. Idan muna cikin mota direba yana wuce kima, muna da ikon yi masa magana cikin ladabi, domin ranmu ne a hannunsa. Sauri ya haifi nawa.

Ga ɗalibanmu masu fita a bana, da masu sha'awar tuƙi ko kanikanci ko aikin injiniya, muna tunasar da ku cewa Loeb da dukan gwanintarsa bai taɓa cin rali ko ɗaya ba sai da wani a gefensa yana faɗa masa abin da ke gaba, shi kuma yana saurara. Ku ma kuna da iyaye da malamai da dattawan ikilisiya waɗanda suka riga ku bin hanyar. Manzo Bulus ya kwatanta rayuwar mai bi da tsere, kuma abin da ya yi farin ciki da shi a ƙarshen kwanakinsa shi ne ya gama nasa. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kai kowannenmu gida lafiya. Amin.