Ko Ka Sani? Na'urar da Ke Shiga ta Baya Don Kauce wa Tumbi

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira adirenal, nauyinta kusan giram 5 ne. Idan ƙari ya fito mata, ciro shi aiki ne ja, musamman a jikin mai ƙiba. Ita rawaya ce, kitsen da ya lulluɓe ta ma rawaya, sai nemanta ya zama kamar laluben ƙwayar masara a ƙwaryar man shanu. Wani lokaci ma ƙarin ne ke haddasa ƙibar, domin yana zubo sinadarin kotisol fiye da kima, kitse ya taru a ciki da wuya da fuska.

A 1992 likita Michel Gagner ya fara ciro adirenal a Montreal ta Kanada da siririyar kamara mai fitila, ba tare da an tsaga ciki ba. Sai dai ta cikin ciki yake bi, dole a ture hanta ko saifa da hanji. A jikin mai teɓa, har kayan aikin sai an sauya da masu tsawon santimita 45.

Ga inda abin ya fi burgewa. A birnin Essen na Jamus, tun 1994 likita Martin Walz ya juya majinyacin rub da ciki! Tumbin ya rataya ƙasa da nauyinsa, ba ruwan likita da shi. Ƙananan huji uku ake yi ƙasa da haƙarƙari na ƙarshe, a hura iskar kabon dayoksaid ta buɗe fili a bayan ƙoda, kamara ta shiga kai tsaye. Ba a taɓa hanji, kuma wanda aka sha yi wa tiyatar ciki ba ya shan wahalar tsofaffin tabonsa. Dabara ce da ta cancanci yabo.

Amma ita ma tana da iyaka. Filin ƙunci ne, ƙarin da ya haura santimita 7 yakan gagari wannan hanya. Sannan kitsen da ya zagaye ƙoda na nan yana jira, kuma ya fi kauri a jikin maza, ko da namiji da mace nauyinsu ɗaya. Shi ya sa kafin tiyata likita ke auna kaurin wannan kitse a hoton CT, domin ya fi sikeli nuna masa wahalar da ke gabansa.