Jinyar Mahaifi Idan Ciwon Daji Ya Kai Ga Ƙwaƙwalwa

 

Daren jiya bayan asham wani magidanci ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, idanunsa sun yi ja. Mahaifiyarsa ta daɗe tana fama da ciwon daji na nono, an yi mata aiki, an kai ta Yamai cibiyar da ke kula da wannan ciwo, har ta samu sauƙi. Yanzu likitoci sun ɗauki hoton kanta, sun ɗebi ruwa a gadon bayanta da allura, sun ce ciwon ya shiga ƙwaƙwalwa da ruwan da ke kewaye ta har zuwa laka. Ya ce: "Malam, tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, jiya ta zage ni, ta ce ba ta san ni ba. Ko na shiga fushin uwa?"

Na ce masa bai shiga ba, kuma ina son in faɗi dalili a nan, domin ba shi kaɗai ne ke cikin wannan hali ba.

Ni almajiri ne, abin da zan faɗa na ciwo daga bakin likitoci na ji shi. Ciwon daji yakan tashi daga inda ya soma, kamar nono ko huhu, ya bi jini ya sauka wani wuri. Idan ya sauka a kai, sai ciwon kai mai tsanani da amai, gani ya rabu biyu, ƙafafu su yi nauyi, wani lokaci a riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Hali ma yakan sauya: mai haƙuri ya zama mafaɗaci, mai kunya ya yar da tufa. A wannan mataki magani yawanci na rage raɗaɗi ne da jinkirta ciwon, kwanakin kuma sau da yawa ana ƙirga su da makonni ko watanni. Ajali dai na Allah ne.

To, shari'a ta rataya hukunci ne ga hankali. Ya tabbata a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo masa. Wanda ba a rubuta masa zunubi, yaya za a ce fushinsa ya kama ɗansa? Zagin nan ciwo ne ya yi shi da harshenta. Kai kuma umarnin da ke cikin Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, yana nan a kanka: kada ka nuna ƙosawa, kada ka yi tsawa, ka sassauta murya. Idan ta kira ka da sunan ƙaninta da ya rasu, amsa mata. Ba wannan ne lokacin gyara mata kuskure ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zato. Da zarar tsohuwa ta soma sambatu, sai a ce sammu ne, a nuna kishiya ko suruka. Na ga gidajen da aka binne mamaci aka bar gaba tana raye shekaru. Ku yi addu'a da ruƙiyya ta shari'a, babu laifi, amma kada a ɗauke ta daga hannun likita a kai ta ga boka, kada kuma a ɗora wa Musulmi laifin da ba a gani ba.

Game da ibada, a mazhabar Imamu Malik wanda ya suma ko hankalinsa ya gushe har lokacin salla ya fita, ba ya rama ta. Haka yake a Risala. Idan ta farfaɗo ta nemi salla, a taimake ta da alwala ko taimama, ta yi a zaune ko a kwance da ishara. Azumi kuwa ba ya kanta. Na san tsofaffinmu, sukan ƙi shan magani da rana don kunyar Ramadan. Lallashe ta, ka ce malamai sun ce rangwamen Allah ne, karɓarsa ibada ce. Wanda ba a sa ran zai iya ramawa, an so a ciyar masa mudu ɗaya, mudun Annabi, kowace rana. Mustahabbi ne, talaka kada ya ci bashi dominsa. Maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi da likita ya rubuta halal ne ko da yana sa barci.

Idan faɗuwa ta zo mata, a kwantar da ita a gefe, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki. Idan haɗiya ta gagara, a daina ɗura kunu ko rubutu, domin yana iya bi ta hanyar numfashi; a jiƙa ƙyalle a shafa mata a leɓe.

Sai ku maza. Jinya takan faɗa kan ɗiya ɗaya ko matar ɗa, tana azumi, tana wanki, tana kwana a zaune, sauran ƴaƴa kuma suna bugo waya daga Kwatano ko Agadas suna ba da umarni. Ku raba dare, ku raba kuɗin magani, wanda ke nesa ya aiko. Mai jinyar da ta gaji har ta ji a ranta da ma Allah Ya hutar da tsohuwa, kada ta ɗauka ta yi kafirci. Ta roƙa mata abin da ya fi alheri, rayuwa ko cikawa, kamar yadda Sunna ta koyar.

Hankalin irin wannan majinyaci yakan dawo ɗan lokaci ya koma. Idan ya dawo, kada a ɓata shi da maganar gado. A tambayi bashi da amana a taƙaice, a nemi gafararta, a ambaci kalmar shahada kusa da kunnenta a hankali ba tare da an ce mata "faɗi" ba. Magidancin nan ya ce mini tsohuwarsa takan gane shi wajen asuba. Na ce masa to ya riƙa yin sahur a ɗakinta.