Faɗakarwa kan Zargin Maita da Abin da ya Auku a Garin Salem

Da sunan Allah muke farawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗalibi, Allah ya datar da mu da kai, sihiri akwai shi, kambun ido ma akwai shi, nassi ya zo da su. Amma zancen da ake yi wai maye yana da ƙanƙara a cikinsa, yana kama kurwar mutum ya cinye, wannan ba shi da asali cikin Littafi ko Sunna. Abin da muke nufi a nan shi ne hujja: da me ake kama wanda aka zarga?

Fasali. Ga misali daga wasu mutane da ba namu ba. A shekara ta 1692 ta miladiyya, a garin Salem cikin ƙasar Amurka, lokacin tana ƙarƙashin Ingila, 'yan mata biyu a gidan limamin cocinsu, ɗaya shekara 9, ɗaya 11, suka kama faɗuwa da kururuwa. Aka matsa musu su faɗi mai cutar da su. Suka ambaci mata uku: baiwa, da mai bara, da wata mara lafiya wadda ta daina zuwa coci. Ka lura, duka raunana ne. Alƙalai suka karɓi shaidar mai cewa ya ga siffar wance ta zo tana mintsininsa, alhali babu mai ganinta sai shi. Da wannan ƙofa ta buɗe, zargi ya kai kan mutum kusan 200. Aka rataye 19, mata 14, maza 5. Wani tsoho ya ƙi amsa tuhuma, aka danne shi da duwatsu har ya mutu. Abin mamaki, wanda ya amsa laifi ya tsaya kan amsawarsa bai sha igiya ba, sai masu musu. Gwamna ya rushe kotun a wannan shekara. A 1697 ɗaya daga alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe gaban jama'a ya nemi gafara, a 1711 kuma aka biya iyalai diyya.

To, duba, hujjarsu ita ce hujjar mutanenmu. Majinyaci cikin zafin ciwo ya kira sunan wata tsohuwa, sai a jawo ta, a ce ta tsallake shi, a doke ta. Alhali zazzaɓin sauro idan ya hau ƙwaƙwalwa, haka kuma sanƙarau, suna sa mutum sambatu, likitoci sun tabbatar. Mai sambatu hankalinsa ya gushe, shaida kuwa sharaɗinta hankali da balaga da adalci. Kuma shi mai ƙara ne, mai ƙara ba ya zama shaidar kansa. Mafarki ba ya kafa hukunci. Shaidar yara ma, a mazhabar Maliku, ba a karɓarta sai a kan jini da rauni a tsakaninsu, tun ba su watse ba.

Idan ka ce: ai ta amsa da bakinta. Sai mu ce: wanda aka kewaye da sanduna ya amsa, tsoro ne ya yi magana, ikirarin wanda aka tilasta ba a gina hukunci a kansa. Ko masihirci da ya tabbata da shaidu, hukuncinsa yana hannun shugaba da alƙali, taron gari ba shi da iko a kansa.

Idan ka ce: to, yaya za a yi da mai kambun ido? Sai mu ce: Maliku ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Amiru ɗan Rabi'a ya kalli Sahlu ɗan Hunaifu yana wanka, ya yabi jikinsa, Sahlu ya faɗi. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Amiru faɗa don bai sa albarka ba, ya umarce shi ya wanke gaɓoɓinsa, aka zuba wa Sahlu ruwan, ya tashi lafiya. Ba a doki Amiru ba, ba a kore shi daga Madina ba. Allah ne mafi sani.

Tammat.