KADA A SHIMFIƊA SABUWAR CIYAWA BISA TSOHUWA

Manomi ya saba yaƙi da ciyawa, amma akwai wuraren da rashinta ne ɓarna. A ƙasar Gozaki, cikin Ƙaramar Hukumar Kafur, ruwan watan Agusta yakan zo da ƙarfi. Duk inda ya tarar da ƙasa tsirara, ko gefen hanya, ko bakin tafki, ko filin ƙwallon makaranta, sai ya kwashe ta ya bar kwazazzabo. Maganin wannan shi ne ciyawa mai riƙe ƙasa, irin su kiri-kiri.

A Ingila akan sayar da ciyawa a naɗe kamar tabarma. Mu nan sai mu yanko ta a bakin fadama falle-falle, tare da ƙasarta. To, ga inda masu gaggawa ke kuskure. Sai su ga filin ya yi sanƙo nan da can, su ɗora sabuwa bisa tsohuwa don gudun wahalar sassabe. Sauri ya haifi nawa.

Dalili kuwa uku ne. Na fari, saiwar sabuwar ciyawa ba ta kama sai ta taɓa ƙasa. Idan tsohuwa ta shiga tsakani, saiwar tana rataye a iska, rana biyu ba ruwa sai ta bushe. Na biyu, tsohuwar da aka danne takan ruɓe, filin ya lotsa ya yi tudu da kwari, busasshen abin da ya rage kuma ya kira gara. Na uku, tofa da aya-aya ba su mutuwa don an rufe su. Ƙarfinsu yana ƙarƙashin ƙasa, za su huda sabuwar su fito, su cinye ta.

Ga yadda ya kamata a yi. A kafce wurin da fartanya, zurfin inci 6. A tsince saiwar tofa da 'ya'yan aya-aya sarai, a shanya su a rana, a ƙone. A zuba ruɓaɓɓen takin shanu, a baje da manjagara har ƙasa ta yi laushi. Sa'an nan a yanko kiri-kiri da shebur, faɗin ƙafa 1, kaurin inci 2, a dasa ran nan kafin ta yi yaushi. A jera fallayen gab da juna kamar jeren tubali, a tattake, a cike tsagogin da ƙasa. Wurin yanka kuma a riƙa tsallake layi, domin abin da aka bari ya sake rufe gurbin.

Lokacin aikin shi ne ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sa'ad da damina ta zauna. Bayan mako 2 ko 3 a ja falle ɗaya a hankali. In ya ƙi tasowa, ya kama ke nan. A kange awaki da ƙaya har mako 6.

Amma a lura, kiri-kiri yaɗo take yi, in ta shiga gonar auduga ko masara ta zama abokiyar gaba. A iyakar gona sai a dasa gamba ko jema, waɗanda ke zama tushe-tushe wuri guda. Gamba kuwa riba biyu ce, ga abincin dabbobi, ga zana. Su ma sai an share musu wuri tukuna. Wahalar kwana biyu ta fi aikin baban giwa.