KOFUR WOJTEK: ƊAN BEYAR DA YA YI YAƘIN HITILA

Ran 2 ga watan Disamba na 1963, wani tsohon soja mai igiya biyu ya mutu a birnin Edinburgh na ƙasar Sikotlan, yana da shekara 21 a duniya. Da labarin ya bazu, tsofaffin sojojin Polan da ke zaune a Birtaniya suka yi juyayi kamar an yi musu rashin ɗan'uwa na jini. Abin mamaki a nan shi ne, wannan kofur dabba ne. Sunansa Wojtek, wanda a bakin mutanen Polan yake fita kamar a ce Boitek, ma'anarsa kuwa mayaƙi mai fara'a.

Wojtek beyar ne, wato dabban nan da Larabawa ke kira dubbu, wanda ba a samun irinsa a dazuzzukan Afirka. Ƙaton dabba ne mai yawan gashi, mai manyan farata da guntun wutsiya, yana tafiya da ƙafa huɗu, amma in ya ga dama sai ya miƙe kan ƙafa biyu ya tsaya kamar mutum. Yana cin nama, yana cin 'ya'yan itatuwa, ga shi da son zuma ƙwarai. Shi Wojtek daga jinsin da ake samu a duwatsun Iran da Iraƙi da Turkiyya ya fito, masu gashi ruwan ƙasa-ƙasa. Da ya gama girma, tsayinsa a tsaye ya kai wajen ƙafa shida.

Mutanen Da Suka Rasa Ƙasarsu

Ba za a gane labarin wannan dabba ba sai an san ko su wane ne iyayengijinsa. Ran 1 ga watan Satumba na 1939 Hitila ya tura rundunar Jamus ta faɗa wa Polan daga yamma, abin da ya zama mafarin Yaƙin Duniya na Biyu ke nan. Ran 17 ga watan, sojojin Rasha su kuma suka shigo ta gabas, ƙasashen biyu suka raba Polan tsakaninsu. A cikin 1940 da 1941 hukumar Stalin ta kwashi dubun dubatar mutanen gabashin Polan, maza da mata da yara, ta loda su cikin taragon jirgin ƙasa zuwa Sibeeriya da Kazakistan, inda aka sa su aikin tilas cikin matsanancin sanyi da yunwa. Da yawa can suka bar ƙasusuwansu.

To, a watan Yuni na 1941 sai Hitila ya juya kan Rasha ita kanta. Da Stalin ya ga uwar bari, sai ya yarda aka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Polan mai gudun hijira a London ran 30 ga watan Yuli, aka saki fursunoni domin su kafa runduna. Aka fito da Janar Anders daga kurkukun Lubyanka na birnin Mosko aka ba shi shugabancinta. Sai dai abinci da makamai ba su wadata ba, ga kuma rashin yarda tsakanin ɓangarorin biyu. Saboda haka a cikin 1942 aka bar su suka fita, suka haye Tekun Kasfiyan cikin jiragen ruwa zuwa tashar Pahlavi ta Iran. Waɗanda suka fito sun haura dubu ɗari, sojoji da farar hula, cikinsu har da dubban yara marayu. Sun iso a rame, cikin tsummoki, cututtuka suna ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Maraya Ya Gamu Da Marayu

A watan Afrilu na 1942, kusa da garin Hamadan, wasu daga cikin waɗannan mutane suka gamu da wani yaro ɗan Iran yana ɗauke da jaririn beyar wanda maharba suka kashe uwarsa. Wani hafsa ya saye shi ya ba wata budurwa 'yar gudun hijira, ta yi renonsa wata uku a sansani kusa da Tehran. Da ya fara fin ƙarfinta, sai a watan Agusta aka miƙa shi ga wani rukunin sojoji masu jigilar kaya da manyan motoci, wanda daga baya aka san shi da sunan Kamfani na 22 mai kai wa 'yan igwa harsashi.

Da fari ɗan beyar ɗin bai iya haɗiyar abinci sosai ba, sai suka riƙa dama madarar gwangwani suna ɗura masa da tsohuwar kwalbar barasa. In dare ya yi sanyi, cikin tanti yake kwana a jikin sojoji. Wani soja mai suna Piotr Prendys, wanda ya girme yawancin abokan aikinsa, shi ya zama kamar ubansa. Lalle ba abin mamaki ba ne da suka shaƙu da shi haka. Yawancinsu sun rabu da mata da 'ya'ya a Rasha, ba su san wanda ya mutu ba, ba su san wanda ya rayu ba. Ga shi Allah ya haɗa su da wani maraya mai neman wanda zai ciyar da shi.

Daga Iran rundunar ta wuce Iraƙi, ta bi ta Sham da Falasɗinu har Masar, Wojtek yana zaune a gaban mota kusa da direba, sai da ya yi girman da gaban mota ya kasa ɗaukarsa aka mai da shi baya. Ya koyi sara wa manya in an gaishe shi, ya koyi tafiya kan ƙafa biyu tare da masu fareti. Babban wasansa kokawa, kuma ko da yake mari ɗaya nasa ya isa ya karya wuyan ƙato, ya san yadda zai kā da mutum ba tare da ya ji masa ciwo ba. Sun saba masa da shan giya da cin taba sigari, abin da likitocin dabbobi na yau ba za su amince da shi ba ko kaɗan. Zafin hamada kuwa ya sa ya ƙware wajen buɗe famfon gidan wanka, har aka riƙa kulle ƙofar don kada ya ƙarar da ruwan sansani. Tsofaffin sojojin sun ba da labarin cewa wata rana ya tarar da ƙofar a buɗe, ya shiga, sai ya yi kiciɓis da wani mutum da ya ɓuya a ciki yana leƙen ma'ajin makamai. Ihun mutumin ne ya jawo masu gadi suka kama shi.

Yadda Aka Ɗauke Shi Soja

A farkon 1944 aka umarci rundunar Janar Anders ta haye Bahar Rum zuwa Italiya, ta yi yaƙi ƙarƙashin Runduna ta Takwas ta Ingilishi. A tashar Iskandariya sai magana ta taso, domin dokar Ingilishi ta hana shiga jirgin soja da dabbobin kiwo. Mutanen Kamfani na 22 suka ga ba za su iya barin abin da suka rena da hannunsu a bakin teku ba. Dabarar da suka yi ita ce, suka rubuta sunansa cikin rajistar kamfani a matsayin farabiti, aka ba shi lamba da littafin albashi kamar kowane soja. Da haka ya shiga jirgi, ya sauka a Italiya. Albashinsa dai abinci ne, ana ba shi rabon da ya fi na sauran.

Dutsen Monte Cassino

A lokacin nan Jamusawa sun ja daga a tsakiyar Italiya, sun tare hanyar zuwa birnin Rum. Ƙashin bayan wannan daga shi ne dutsen Monte Cassino, wanda a ƙwanƙolinsa akwai tsohon gidan ibada na Kirista da aka kafa tun wajen shekara ta 529. Daga watan Janairu zuwa Maris na 1944 sojojin ƙawance suka kai hari sau uku, Amurkawa da Ingilishi da Faransawa da Indiyawa da mutanen Niyu Zilan, duka ba su ci nasara ba, ko da yake jiragen sama sun ragargaza gidan ibadar da bama-bamai ran 15 ga watan Fabrairu. A hari na huɗu, wanda aka fara daren 11 ga watan Mayu, aka ɗora wa sojojin Polan nauyin hawa dutsen.

Irin wannan hari ba ya yiwuwa sai igwa ta yi ta aman wuta dare da rana, igwa kuwa ba ta aiki sai da harsashi. Aikin Kamfani na 22 ke nan: su tuƙa motoci cikin duhu ba fitila, kan ƙananan hanyoyin duwatsu da abokan gaba ke hange, su sauke akwatuna su koma su ɗebo wasu. Sojojin da suke wurin sun shaida cewa Wojtek, da ya ga mutanensa suna ta fama, sai ya miƙe tsaye ya miƙa hannuwansa, aka ɗora masa akwati ya kai inda ake tarawa, ya komo aka ƙara masa. Ƙarar igwa ba ta razana shi ba. Ran 18 ga watan Mayu sojojin Polan suka kafa tutarsu a kangon gidan ibadar, bayan an kashe musu mutum fiye da 900. Bayan wannan yaƙi hukumar soja ta yarda kamfanin ya ɗauki hoton beyar rungume da harsashin igwa ya zama tambarinsa, aka zana shi jikin motoci, aka maƙala shi a huluna da riguna. Shi kuma Wojtek aka ƙara masa girma zuwa kofur.

An Ci Yaƙi, An Rasa Gida

Nasarar da aka yi ba ta mai da waɗannan sojoji gida ba. A taron Yalta na watan Fabrairu 1945 manyan ƙasashe suka amince gabashin Polan ya zauna hannun Tarayyar Sobiyat, can ne kuwa mahaifar yawancin mutanen Anders. Sauran ƙasar ta faɗa hannun gwamnatin kwaminis mai bin umarnin Mosko, wadda a 1946 ta ƙwace wa Janar Anders takardar zama ɗan ƙasa. Mutanen da suka ɗanɗani Sibeeriya sun san abin da ke jiransu, saboda haka mafi yawansu suka ƙi komawa. Ko a babban faretin nasara da aka yi a London a watan Yuni na 1946, rundunar ba ta cikin masu maci.

A shekarar nan aka kawo Kamfani na 22 sansanin Winfield da ke yankin Berwickshire na Sikotlan. Nan Wojtek ya zama abin kallo ga manoma da yaran ƙauyuka. Amma da aka zo sallamar sojoji, kowa zai kama gabansa ya nemi aikin yi, ba wanda ke da halin riƙe dabba mai wannan girma da ci. Ran 15 ga watan Nuwamba na 1947 aka kai shi gidan dabbobi na Edinburgh. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, haka kuwa aka yi, domin dabban da ya tashi cikin mutane yana yawo yadda ya so, yau ga shi bayan shinge. Shekara 16 ya yi a wurin. Tsofaffin abokansa sukan zo ziyara, su kira shi da harshen Polan, nan da nan ya ɗaga kai ya miƙe tsaye. Wasu ma sukan tsallake shinge su rungume shi, masu gadi suna ta faɗa.

Abin Da Ya Sa Ake Tunawa

Muddin mulkin kwaminis a Polan, hukuma ba ta son a ɗaukaka labarin rundunar Anders, domin duk wanda ya ambace ta dole ya ambaci abin da aka yi wa mutane a Sibeeriya. Janar ɗin ya mutu a London a 1970, aka binne shi a Monte Cassino cikin sojojinsa fiye da dubu, kamar yadda ya yi wasiyya. Sai bayan canjin mulki na 1989 aka sami sararin faɗar tarihin a fili. Tun daga nan aka rubuta littattafai kan Wojtek, aka yi fina-finai, aka kafa mutum-mutuminsa a garuruwa da dama. Na birnin Krakow an buɗe shi ran 18 ga watan Mayu na 2014, ranar cika shekara 70 da cin Monte Cassino. Na Edinburgh kuwa, wanda aka ƙera da tagulla aka buɗe a watan Nuwamba na 2015, yana nuna beyar ɗin da wani soja suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, an kuma ɗora shi bisa dutsen da aka kawo daga Polan.

Yaron da ya tsaya gaban wannan mutum-mutumi don sha'awar dabba, ba zai tafi ba sai ya tambayi ko wane ne sojan da ke gefensa, da abin da ya kai mutumin Polan Iran, da dalilin da ya hana shi komawa gida. Ta wannan hanya ɗan beyar ɗin da aka saya a bakin hanyar Hamadan yake rama alherin madarar da aka ba shi, yana riƙe da tarihin iyayengijinsa bayan kusan dukansu sun kwanta dama.